Gemun Audugar da Na Liƙa wa Manu

Shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar Usmanu, wanda mu 'yan ajinsu muka fi sani da Manu. A tsawon wannan lokaci ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ni malamin gona ne da ya yi ritaya, kuma tun ina yaro ni da magana ba mu cika shiri ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yarsa Zainabu. Ta yi sallama a gidana da ke Hammadu Kafi a farkon damina, ta yi mini tambayar da na ɗauka ko daga barci aka tashe ni zan amsa, amma na yi zuru. Cewa ta yi in gaya mata yadda fuskar mahaifinta take.

Zainabu ba ta taɓa ganinsa ba. Tana ciki ya rasu, haihuwarta ce ma ta fitar da uwarta daga takaba. Takardunsa da 'yan hotunansa na wurin aiki an zuba su a akwati an ajiye a gidan mahaifinsa, gara ta yi biki da su. Hoto ɗaya ne ya tsira, na 'yan ajinmu a jere, wanda uwarta ta tafi da shi gidansu a ƙasan adaka. A cikin hoton nan Manu tsoho ne tukuf: farin gemu har ƙirji, furfura ta leƙo ta gefen hula, babbar riga, sanda a hannun dama, hannun hagu kuma dafe da haɓa kamar alƙalin da ke auna hukunci. Shekararsa goma sha tara ranar da aka ɗauki hoton. Gemun na auduga ne, kuma ni na liƙa masa shi da hannuna.

Bari in koma baya saboda waɗanda ba su riski zamanin ba. Mu ne yaran da muka shiga firamare ba da jimawa da sauke tutar Turawa ba, muka shiga sakandare ana cikin yaƙi, muka fito daidai lokacin da arzikin man fetur ya fara kwararowa. Ajinmu ya tara kowa da kowa. Akwai irina, 'ya'yan fataken da suka zo daga Kano da Katsina suka kafa rumfa a Kasuwar Gombe. Akwai irin Manu, 'ya'yan Fulani da aka ƙwato daga bayan shanu da kyar. Akwai yaran Tangale da Waja da Tera da suka zo da akwatin ƙarfe a ka. Malamai kullum cewa suke kujeru na nan ba kowa a kansu, mu suke jira, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin tun ba mu zauna jarrabawar ƙarshe ba ma'aikatu ke turo mutane zawarcinmu. Jirgin ƙasa na shigowa gari da kuwwarsa, motocin auduga na layi a ƙofar injin gurza, iska na kwashe burbushinta tana manna wa itatuwa da wayoyi. Babu ɗayanmu da ke tambayar ko gobe za ta yi kyau. Gardamar da muke yi a ɗakin kwana ita ce wace irin mota kowa zai hau.

Al'adar makarantarmu ce 'yan ajin ƙarshe su yi wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka, a gaban iyaye da manyan gari. Waɗanda suka gabace mu malamai suke kwaikwaya, ko su yi wasan ɓarawo da ɗan sanda. Manu ya ce mu kanmu za mu kwaikwaya. Za mu fito a matsayin tsofaffin da suka haɗu bayan shekara hamsin, kowa ya faɗi abin da ya zama. Ba a rubuta komai ba, kowa ya zaɓi gobensa da bakinsa. Yohanna, wani dogon yaro daga Kaltungo wanda ba ya iya wuce madubi bai tsaya ba, ya ce shi gwamna ne. Garba ya ɗauki likita. Aka sami alƙali, aka sami matuƙin jirgin sama. Da aka zo kan Manu sai ya ce, "Ni tsoho zan zama. Duk kun kwashe ayyukan wahala kun bar mini mai daɗin." Tsoho yake so mai tarin jikoki, wanda kunnensa ke ji in ya ga dama, mai zama a gindin darbejiya yana gyara wa masu wucewa tafiyarsu.

Ni ba a ba ni wuri a dandamali ba, kuma ban nema ba. In'ina gare ni a lokacin, irin wadda in na fara gaisuwar safe sai a amsa mini da ta rana. Aka ɗora mini aikin tsufar da mutane. Na je bakin injin gurza na tsinto auduga cikin buhu, na jiƙa ƙaro a gwangwani, na roƙo toka a madafar makaranta don furfura. A bayan labule na jera su a benci ina shafa musu ƙaro ina manna gemu, suna zagina wai ina ja musu fata. Iyayenmu sun ara mana riguna ba tare da sun san toka za su sha ba. Da na gama na ja da baya na dube su, sai na ga ban gane ko ɗaya ba. Na tuna na ce a raina aikin ya yi kyau, amma ban ji daɗin kallonsu ba.

Wasan ya karɓu fiye da yadda muka zata. Gwamna Yohanna ya shigo yana ba da haƙurin makara, wai jirginsa mai saukar ungulu ne ya rasa wurin sauka saboda dogayen gine-ginen Gombe. Likita Garba ya ce an rufe asibitinsa don ba marasa lafiya. Tsoho Manu, yana rawar kai yana dogara sanda, ya ba da labarin yadda wutar lantarki ta yi yawa har awaki ba sa kwana sai da fanka, da yadda ya kai jikokinsa gidan tarihi su ga garwar 'yan ga-ruwa don ba su yarda an taɓa sayen ruwa a garin ba. Ya ce da safe ya hau jirgin ƙasa ya je Legas sayen goro, ya dawo ya sami azahar. Jama'a na ta dariya, amma ba dariyar ƙaryatawa ba ce. Rabinmu mun ɗauka haka za a yi.

Sai Yohanna ya yi abin da ba a shirya ba. Ya duba hagu da dama ya ce, "Wai ina Sale ne? Ban gan shi ba." Manu ya girgiza kai, ya share ido da bakin riga, ya ce, "Allah Sarki, ranka ya daɗe, ashe ba ka ji ba? Ai Marigayi Sale ya daɗe da riga mu. Ya je gaya wa likita abin da ke damunsa, kafin ya kai ƙarshen maganar rai ya yi halinsa." Ɗakin taro ya kece. Har shugaban makaranta, wanda ba mu taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya kifa kai a kan tebur. Ni ina bayan labule da gwangwanin ƙaro a hannu, kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Innata ba ta ga abin dariya a ciki ba ko kaɗan. Ta ce an kira wa ɗanta mutuwa a bainar jama'a, ta soya ƙosai ta raba wa yaran unguwa sadaka, ta kuma rantse ɗan Fulanin nan ba zai ƙara taka mata gida ba. Washegari sai ga shi da ƙwaryar kindirmo daga wurin uwarsa, ya tsuguna a tsakar gida ya sunkuyar da kai, amma ina ganin gefen bakinsa na motsi.

"Inna, a yi haƙuri, wasa ne," in ji shi. "In sunan ne ya tsaya miki a rai, na karɓe shi. Ni ne marigayin. Sale shi zai yi furfurar."

Inna ta wurga masa ludayin da ke hannunta. "Rufe mini baki, ɗan nema! Wa ya gaya maka ana wasa da wannan?"

Ta karɓi kindirmon. Da yamma kuma ta sake ɗora kasko ta soya wani ƙosan, ta ce wannan nasa ne.

Sunan dai ya bi ni. Shekara huɗu 'yan ajinmu ba su kira ni Sale ba. In mun haɗu a hanya sai ka ji, "Marigayi, ya mutanen can?" Tun ina ɓata rai har na koma amsawa da cewa suna gaishe ku, suna jiran ku. Muka watse kowa ya kama aikinsa. Manu ya shiga aikin awon hanya, don a lokacin ko'ina ka duba kwalta ake shimfiɗawa. Ya yi aure, ya yi ƙiba kaɗan. Wata damina suna dawowa daga Bauchi a motar ofis suka yi karo da tankar mai a wata kwana. Ni ina Zariya wurin kwas, kafin saƙo ya same ni in hawo jirgi har an yi sadakar uku. Yohanna ne ya tarye ni a tasha. Ya buɗe baki zai kira ni kamar yadda ya saba, na ga sunan ya zo masa har leɓe, sai ya haɗiye shi ya ce, "Sale, sannu da hanya." Daga ranar ba wanda ya sake kirana da sunan, kuma ba wanda ya taɓa cewa a daina.

Ni Musulmi ne, na san ajali ba ya sauraron wasan yara, kuma abin da aka rubuta wa Manu an rubuta shi tun kafin a shuka audugar da na liƙa masa. Na gaya wa kaina haka ba sau ɗaya ba. Amma tun daga rasuwarsa, Inna har ta koma ga Allah ba ta ƙara soya ƙosai a gidanmu ba, ni kuma duk ranar da wanzami ya gyara mini furfura ya miƙo madubi, sai in ji kamar rigar wani na ara.

Bana ne shekara hamsin ɗin da muka yi wasa da ita ta cika. Na sha tambayar kaina me Manu zai ce in da za a ba shi yini ɗaya ya zaga garin. Gombe ta zama babban birni, tana da gwamnanta na gaske, ga tituna ga fitilu ga gidajen sama. Zai ɓata a Hammadu Kafi, inda yake gaya mini ya taɓa koro maruƙa cikin ciyawa. Zai je tasha ya tarar da awaki kwance a kan layin dogo, ba fanka. Zai ga 'yan ga-ruwa na tura kura cike da jarkoki, ya ce ashe gidan tarihin ne ya fito yawo. Ban jin zai yi ɗaci, don ba halinsa ba ne, dariya zai yi har ya riƙe ciki. Mu ne dai ba mu iya dariyar ba. Yohanna bai yi gwamna ba, hedimasta ya yi har ya gama, yanzu yana Barunde yanar ido ta rufe masa gani. Garba ya zama likitan gaske, ya tafi ƙasar Turawa, can aka binne shi cikin sanyi. Matuƙin jirgin samanmu tayoyi yake sayarwa a bayan kasuwa. Duk wanda ya rayu a cikinmu ya sami abu ɗayan da Manu ya nema, ba tare da ya roƙa ba.

A cikin wannan hali Zainabu ta zo, mace mai kamala, malamar asibiti, da jikarta a goye. Bayan mun gaisa ta zaro hoton daga jaka ta ajiye a gabana.

"Bappa, tun ina ƙarama nake tsoron hoton nan," ta ce. "In na yi laifi Dada, mahaifiyata, takan ce ga babanki can yana kallon ki. A makaranta na sha gaya wa ƙawayena ubana tsoho ne tukuf ya rasu. Daga baya na san auduga ce, amma idona ya ƙi yarda. Dada ta rasu bara. Ita kuwa in na tambaye ta sai ta ce kyakkyawa ne, ta tashi ta shiga ɗaki. An ce kai ka sa masa gemun. Don Allah ka cire mini shi."

Na rufe ido na nemo Manu, sai tsohon ya zo. Na kore shi na sake nema, ya sake zuwa da sandarsa. Muryarsa tana nan a kunnena, da tafiyarsa ta kan yatsu irin ta wanda ya girma cikin ƙaya, har warin man shanun da ke jikin hularsa ina ji. Amma daga hanci zuwa ƙasa ba komai sai auduga. Mutumin da muka yi shekara biyar gadona na jikin nasa! Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo ta, domin na gane in ni na rasa fuskar nan to ta tafi ke nan. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Na hau Keke na tafi Barunde wurin Yohanna. Muka zauna a benci a ƙofar gidansa, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, Manu wushirya gare shi. Na ce ƙarya yake, Garba ne mai wushirya. Ya ce to doguwar haɓa. Na ce wace irin doguwa? Muka yi ta musu kamar muna ɗakin kwana, har ya juyo da fararen idanunsa wajena ya ce, "Sale, gaskiya ni ma tsohon nake gani." Ga mu nan tsofaffi biyu a benci, kowa da gemunsa da sandarsa. Na lura akwai sauran wuri a gefen bencin, daidai zaman mutum ɗaya, na tashi na yi masa sallama tun la'asar ba ta yi ba.

Ranar da Zainabu ta dawo ba ni da abin ba ta. Na riƙe hoton ina kallo don kada in kalle ta, hannuna na hagu yana cikin gemuna kamar yadda na saba in abu ya dame ni. Sai ta ce, "Bappa, irin zamanku ɗaya. Shi ma tunani yake yi."

Na dubi hannun nasa da kyau. Mai shafa gemu da yatsu yake tsefe shi. Manu kuwa tafin hannu ya manna a gefen haɓarsa, babban yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya danne. Nan take yatsuna suka tuna abin da idona ya manta. Na ji santsin fatar a ƙarƙashinsu kamar yanzu nake shafa ƙaron.

"Ba tunani yake ba," na ce, in'inar da na rabu da ita shekara da shekaru ta dawo mini. "Riƙe gemun yake kada ya faɗi. Akwai tabo a nan, gefen hagu, tsawon gaɓar yatsa. Karsana ce ta tsaga shi da ƙaho yana yaro. Wurin sumul yake, ƙaro ba ya kama shi. Na liƙa ya zame, na sake liƙawa ya zame, na ce to ya riƙe da hannu."

Da tabon ya dawo sai sauran ya biyo shi, ba duka ba, amma ya biyo. Na nuna mata idanunsa. Duk sauran tsofaffin da ke cikin hoton, mai hoto suke kallo, shi kaɗai ya karkata gefe. Na gaya mata ni yake kallo. Ana fitowa daga wasan aka ɗauki hoton, ina tsaye kusa da mai hoto ina so in zage shi kan abin da ya yi mini, zagin ya maƙale a harafin farko ya ƙi fita. Kumatun nan da take gani sun cika, ba fushi ba ne. Dariya ce ya ƙunshe, kuma mai hoto na cewa an gama ya fashe da ita, gemun ya faɗo a cinyarsa.

Zainabu ta karɓi hoton ta kai shi kusa da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Ban sani ba kuka ne zai zo mata ko dariya, sai suka zo tare. Ta sa yatsa ta rufe farin gemun, ya rage idanu da kumatu kawai.

"Bappa," ta ce, "ashe yaro ne. Ɗana na fari ma ya girme shi."

Ban iya ba ta fuskar ubanta gaba ɗaya ba, kuma ba na jin akwai wanda zai iya yanzu. Abin da ya rage na Manu a duniya bai fi wannan ba: tabo tsawon gaɓar yatsa da hannuna ya adana ban sani ba, da dariyar da ta yi shekara hamsin a ƙunshe kafin 'yarsa ta ji ta, da tsufan da ya zaɓa wa kansa ya bar mini. Jikokina sun cika gida, kunnena yana ji in ya ga dama, akwai darbejiya a ƙofar gidana, kuma na kama kaina ina gyara wa masu wucewa tafiya. Na daɗe ina ƙin sunan da ya laƙaba mini, sai da na tsufa na saurare shi da kyau. Marigayi ba ya nufin wanda ya ɓace, wanda ya riga yake nufi, kuma wanda ya riga ana tarar da shi. Allah Ya yi masa rahama, Ya yi wa Garba da Inna da Dadar Zainabu, Ya kyautata namu zuwan. In Ya ƙaddara mun haɗu, ni zan gane shi ta tabon. Shi kuwa ban san yadda zai gane ni ba, domin bai taɓa ganina da gemu ba.